Waƙar da Baba Ya Koya Daga Ƙarshe

Shekaru sun ja, na manta sunayen rabin mutanen da muka yi maƙwabtaka da su, na manta ma launin ƙofar ɗakinmu na wancan lokaci. Amma yammacin da ni, matar aure da mayafina, na cafke hannun rigar wani saurayi da ban sani ba a tsakiyar taron biki na ce masa kada ya kuskura ya motsa, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Kuma duk abin ya samo asali ne daga wani kiɗan fiyano da nake ji ta bango.

A lokacin muna haya a Unguwar Dosa, a wani gida mai sassa biyu, bango ɗaya ne tsakaninmu da masu gidan. Ni ɗinki nake yi a ɗaki da keken ƙafa, maigidana kuma yana da shagon kayan gini a Kawo, in ya fita da safe sai magariba. Masu gidan wasu dattawa ne Kiristoci 'yan kudancin Kaduna, kowa a layin Baba da Mama yake ce musu. Baba tsohon malamin makaranta ne, kuma an ce shi ya yi shekara da shekaru yana kaɗa fiyano a cocinsu. Kafin mu tare a gidan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, magana ta dawo, yana takawa da sanda, amma hannun hagu ya ƙi komawa daidai. Ko kofin shayi ya ɗauka da shi sai ka ga shayin yana rawa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf. In na ji abin da ban gane ba, sai ya hana ni sakat kamar tsakuwa a takalmi. To, kekena a jikin bangon nan yake, fiyanon Baba kuma ashe a ɗaya gefen yake, don haka duk abin da ya taɓa a kunnena yake sauka.

Da safe, da zarar yara sun tafi makaranta layi ya yi shiru, sai ya fara. Ranar farko har na dakatar da keke na gyara zama, na ce yau zan sha kiɗa kyauta. Ina! Wani ɗan guntu ya kaɗa, bai fi tsawon sallama da amsawa ba, ya ƙare da wani sauti mai kauri irin wanda ko ba ka san waƙa ba ka san an zo ƙarshe. Sai ya sake. Sai ya sake kuma, a hankali ƙwarai, har kakan ƙosa kafin sauti na gaba ya fito. Wani lokaci sautuka masu kauri kaɗai zan ji, wani lokaci sirara kaɗai, can sai ya haɗa su. Kafin kunun da na ajiye ya huce ya yi shiru. Ba zan ƙara jin sa ba sai bayan la'asar, ya sake yin ɗan wannan, ya tashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar da aka ɗauke wuta. Fiyanon na lantarki ne, na ɗauka ranar hutu ce gare mu duka. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ta bango, babu kiɗa ko kaɗan, kamar kaza na tsattsagar tire. Na kasa kunne sosai, sai na gane ai guntun nan ne dai yake dannawa a kan mataccen fiyano.

Bayan kwanaki sai na ji an ƙara wani sabon guntu. Na ce madalla, an ci gaba. Amma da na saurara sai na ga ba a bayan tsohon ya ɗora shi ba, a gabansa ya sa shi. Ya kaɗa sabon, ya zarce cikin tsohon, ya sauka a kan sautin nan mai kauri. Bayan wasu kwanaki ya sake ƙaro wani, shi ma ta gaba. Wato tsohon nan da baya da baya yake tafiya. Ni dai tun da na koyi ɗinki ban taɓa ganin wanda ya fara riga daga kalmasar ƙasa ya haura zuwa wuya ba.

Na kai wa maigida zancen muna cin tuwo. Ya ce, "Ke dai ki yi ɗinkinki. Tsoho yana motsa hannunsa, mene ne naki a ciki?" Na ce ai motsa hannu daban, wannan da gangan yake yi, akwai dalili. Ya yi dariya ya ce, "Dalilin ne ya sa kike ta gunguninta kina tuƙa tuwo?" Wallahi sai a lokacin na lura ashe ƙarshen waƙar ya zauna mini a baki, ni da ban san ko kalma ɗaya a cikinta ba.

Hanya ta samu ne ranar da Mama ta shigo mini da atamfofi ta ce an sa ranar auren autarsu, ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, kuma ni suke so in ɗinka kayan da amarya da 'yan gida za su sa. Na ce to Mama, bari in biyo ki in auna ki a can. Ita ma ta san a ɗakina nake auna kowa, amma murmushi kawai ta yi.

Na tarar da Baba a gaban fiyanon, hannun dama a kan cinya, na hagu kaɗai a kan maɓallan, yana kallon yatsunsa kamar malami da ɗalibai masu taurin kai. Na durƙusa na gaishe shi. Ban ko warware tef ɗin awo ba tambayar ta kuɓuce mini. Na ce, "Baba, don Allah kada ka ga rashin kunyata. Me ya sa kullum daga ƙarshe kake farawa?"

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Au, 'yata, ashe kina ji?"

Na ce, "Baba, bangon nan ai sunansa kawai bango."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma ya sani, domin yana jin lokacin da na ɓata zif. "Keke ya tsaya, tsaki ya biyo baya, sai kuma farke-farke." Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa, ni da sa zif ba ma shiri.

Sai ya ce in jawo kujera. Ya ce yawancin masu koyo daga farko suke farawa, in sun yi tuntuɓe a tsakiya su koma farko, su sake tuntuɓe su sake komawa. Kafin ka ankara farkon ya yi sumul saboda maimaici, ƙarshen kuwa baƙo ne, sai ranar taro ake haɗuwa da shi, ga gajiya ga tsoro. Ya ce, "Ni kuwa so nake duk takun da na yi ya zama ina matsawa wurin da na fi sani. Kin san yadda ƙafa ke yin sauƙi in kin shigo layinku."

Da na ga ƙofa ta buɗe sai na juye masa duka tambayoyina. Jan jikin da yake yi a kiɗan fa? Ya ce hannu ba shi da wayo, abin da ka maimaita masa shi yake riƙewa, in ka yi da sauri ka yi kuskure to kuskuren ka koya masa, kuma cire shi ya fi sa shi wuya. Saurin tashin fa? Ya ɗaga hannun hagun ya ce wannan da ya gaji sai ya fara yi masa ƙarya, gara kaɗan da safe kaɗan da yamma kullum, da a yini a kai rana ɗaya. Na ce to ranar da babu wuta fa, me ake samu a fiyanon da ba ya magana? Ya ce ranar ce ma yake gane gaskiya, domin daɗin sauti yana rufa wa yatsa asiri, amma in shiru ne dole waƙar ta fito daga kansa, yatsa kuma ya san gidansa da kansa. Ranar nan na koma ɗaki da awon Mama a rubuce rabi da rabi, sai da na sake komawa.

A komawar ce Mama ta raka ni bakin ƙofa ta rage murya ta gaya mini abin da ke ƙasa. A gidansu, duk 'yar da za ta yi aure, ana yi mata taron sallama a ƙofar gida kafin ranar coci, kuma Baba ne ke kaɗa mata wata waƙa da ake rakiyar amarya da ita. Ya yi wa yayyenta duka. Auta ta ce ita ma sai dai shi, ba ta son hannun kowa. Babban ɗansu kuwa ya ce a rufa wa tsoho asiri, a bar mai kiɗan coci ya yi, kada ya kakare a gaban jama'a jininsa ya hau. Maganar ta yi wa Baba zafi. Ya ce zai kaɗa, in kuma ya kasa kai ta ƙarshe da hannunsa, to a ranar a ɗauki fiyanon a kai coci, kada ya sake kwana a gidansa. Mama ta ce, "Kin san shi, in ya faɗa ya faɗa. In abin nan ya fita daga ɗakin, ban san me zai riƙa tashi da safe dominsa ba."

Daga ranar sauraron nawa ya canza. Da can son sani ne kawai, yanzu kuwa har da fargaba. In na ji sabon guntu ya shigo ta gaba sai in ji daɗi kamar ni aka yi wa kyauta. In ya daɗe a wuri ɗaya sai in ta juyi a kan kujera. Ban san tsawon waƙar ba balle in san saura nawa, tun da ban taɓa jin farkonta ba.

Ana cikin haka sai aka matso da bikin. An yi wa ango canjin wurin aiki zuwa nesa, dangi suka ga gara a yi kafin ya tafi. Washegarin da labarin ya zo, na ji abin da ban taɓa ji ba ta bangon nan. Baba ya ɗauko waƙar daga wani wuri da ban sani ba, da sauri, hannu biyu. Bai yi nisa ba ta wargaje. Ya koma farko, ta sake wargajewa a wuri ɗaya. Ya sake komawa. Duk abin da ya gaya mini kada a yi, shi ya yi a safiyar nan. Can na ji an buga maɓallan gaba ɗaya da tafin hannu, sai shiru. Da la'asar ban ji komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na soke yatsana da allura ina haɗa hannun rigar amarya.

Da gari ya waye na zauna a gaban keke ban taka ba, ina jira. Sai ga shi, a hankali, hannun hagu kaɗai, ɗan guntun nan na ƙarshe da ya fara da shi tun ranar farko. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba. A kwanakin da suka rage ya ƙara abin da ya samu ta gaba, bai sake gaggawa ba. Amma lissafi a fili yake, lokaci bai ishe shi ya kai farkon ba. Na tambaye shi ta taga ana gobe taro, ya ce, "Farkon sai yadda Ubangiji ya yi, 'yata. In dai na tsallake shi, sauran hanyar tawa ce."

Ranar taron an kafa rumfa ta tare layin, an jera kujerun roba, an tayar da janareta. Matan zumunta na cocinsu sun zo da zannuwansu iri ɗaya da tulunan kiɗa da kacau-kacau. Mu ma maƙwabta duk mun fito, ga shinkafa, ga faten acca, ga kunun zaƙi a manyan robobi. Aka fito da fiyanon aka ajiye a gaba. Ni ina can kusa da shi ta baya da allurai a bakin mayafi, saboda ɗaurin ɗankwalin amarya da ke ta zamewa. A nan na ji babban ɗan yana raɗa wa wani saurayi dogo, mai kiɗan cocinsu, cewa, "Ka tsaya nan. Da ka ga ya kakare ka shiga ka karɓa, kada a ji kunya." Ban ga laifinsa ba, tsoron ɗa ne a kan ubansa. Amma na san abin da karɓar take nufi.

Bayan addu'o'i da nasihohi aka ce Baba zai sallami 'yarsa. Ya jingina sandarsa, ya zauna, ya ɗora hannu biyu. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga nesa.

Farkon bai yi kyau ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Hannun dama yana tafiya, na hagu ya faɗa inda ba nan ba, sautin ya fito a karkace har wani yaro ya yi dariya aka make shi. Ya sake gwadawa, ya sake faɗawa gefe. Sai na ga hannun ya zame ya sauka a kan cinyarsa yana karkarwa. Saura hannun dama kaɗai, siririn sauti, yana jan waƙar kamar zare ɗaya. Mutane suka fara sunkuyar da kai. Mama ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Amarya ta dafe baki. Abu ɗaya na lura da shi, bai tsaya ba kuma bai koma farko ba.

Babban ɗan ya yi wa saurayin alama da kai. Saurayin ya ɗaga ƙafa. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga rigarsa ba.

Ya juyo a firgice ya ce, "Hajiya, lafiya? Sake ni, an ce in karɓa."

Na ce, "Wallahi ba inda za ka. Bai iso ba ne. Saura kaɗan ya shigo wurin da ya sani."

Ya ce, "Ke kin san waƙar ne?"

Na ce, "Daga can zuwa ƙarshe na fi ka saninta. Tsaya kawai."

Bakina ne kawai ke da ƙarfi. Duk abin da Baba ke kaɗawa a lokacin baƙo ne a kunnena, ban san ko saura kaɗan ɗin ba ne da gaske, ko kuwa akwai nisa. In na yi kuskure, na tsawaita wa tsoho kunya ke nan a gaban surukansa, kuma da hannuna. Babban ɗan yana hararata, saurayin yana jan rigarsa, ni kuwa na ƙara damƙewa ina kasa kunne.

Sai na ji shi. Wani ɗan hawa da sauka da na sani, guntun da ya ƙara a 'yan kwanakin ƙarshe. Na ga hannun hagun ya tashi daga kan cinya, yana rawa, ya sauka a kan maɓallan, kuma ya sauka daidai. Sautin mai kauri ya shigo ƙarƙashin siririn ya tallafe shi. Guntu na gaba ya fi wannan zama, domin ya fi shi daɗewa a hannu. Na bayansa ya fi shi. Ina jin su suna zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ina ganin gidajen layinmu, kowanne na san safiyar da aka sha wuya a kansa. Kafaɗun Baba suka sauko, ya ɗaga kai ya daina kallon yatsunsa. Wata tsohuwa cikin matan zumunta ta ɗauki waƙar da murya, sauran suka amsa, tuluna suka shigo a hankali. Waƙar da ta fara kamar za ta mutu, tana matsawa tana ƙara ƙarfi, har ya kai ɗan guntun nan na ranar farko, wanda ya maimaita fiye da kowanne. Ya kaɗa shi ido rufe, ya sauke hannu biyu a kan sautin ƙarshe ya riƙe shi.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Amarya ta taho da gudu ta zube a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, ɗaurin da na sha wahala a kai ya tuje, ban ko damu ba. Babban ɗan ya juya baya yana goge ido da hularsa. Ni ma hawaye nake yi shaɓe-shaɓe. Baba ya dafa kan 'yarsa ya sa mata albarka, sannan ya waiwayo ta saman tabarau ya ce, "'Yata, sake masa riga mana, ai an gama." Ashe har lokacin ina riƙe da bawan Allah. Dariyar da aka yi mini ranar, har muka bar layin ba a daina tsokanata da ita ba.

Da aka watse, babban ɗan da saurayin nan su suka ɗauki fiyanon da hannunsu suka mayar da shi ɗaki, jikin bangona. Kwana biyu bayan biki na ji an fara wani sabon guntu da safe, shi ma mai kama da ƙarshen wata waƙa. Ni kuma na tattaro ƙyallaye da tsofaffin zif na zauna ina sawa ina cirewa a hankali, kaɗan da safe kaɗan da yamma, ba a kan kayan mutane ba. Kafin damina ta wuce Baba ya ce ya daina jin tsakina.

Baba ya daɗe da rasuwa, mu ma mun tashi zuwa Katabu. Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne, in abu ya yi maka wuya ka je kai tsaye wurin da yake maka wuya, ka bi shi a hankali kullum, kada ka yi ta komawa inda ka riga ka iya. Na kuma koyi kada in yi saurin karɓe abu daga hannun mutum don na ga farkonsa ya karkace, domin ban san inda ya zuba wahalarsa ba. Har yau in aka ce in rera farkon waƙar nan ba zan iya ba, sau ɗaya na taɓa jin sa sosai, shi ma a karkace. Amma ƙarshenta, ko daga barci aka tashe ni zan kai ta gida.